Kwanon Kaka Mai Shuɗin Baki

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ta Kaka ta zo wata Laraba da hantsi, ina riƙe da kofin kunun da ta ce in dama mata. Ta ɗan kurɓa, ta ce ya yi zafi, in bari ya huce. Kafin ya huce ta tafi.

Ban yi kuka ba. Gara in faɗa da bakina, tunda matan unguwarmu sun riga sun faɗa a madadina. Na ajiye kofin a bakin taga, na ja mata zane, na fita na gaya wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana cikin sharar tsakar gida. Ita ce ta yar da tsintsiya ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa na ɗauki tsintsiyar na ƙarasa sharar.

Kafin rana ta take, gida ya cika. Gidanmu irin gidajen Zuru ne, rabi masallaci rabi coci. Matan zumuntar coci suka zauna ta wajen rumbu suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, matan Islamiyya suka shimfiɗa tabarmi ta wajen rijiya kowa da carbinta, buta ɗaya ke yawo tsakaninsu. Babura suka riƙa sauke mutane daga Ribah da Dirin Daji. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon takalman da aka tara, ina tunanin lalle yau sai wata ta koma gida da na wata. Na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta: "Dubi idonta ƙamas. Ita fa tsohuwar ta raina." Duk wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a bakina. Ran nan ko juyawa ban yi ba.

A zaure kuma tsofaffi ne suka jeru, yawancinsu tsofaffin sojoji, da 'yan kamashon tasha da ƙarfinsu ya ƙare. Abin da ya ba yaran gidanmu mamaki, kusan kowane tsoho in ya gama gaisuwa sai ya ce, "Na ci tuwonta." Na kusa da shi ya gyaɗa kai. Har tsohon ɗan kasuwar nan Ibo mai shagon ƙusa da kwanon rufi, wanda ya daɗe ba ya fita, ya sa aka kawo shi. Ya zauna a kujera ya dafa sandarsa, ya ce da Hausarsa da shekaru ba su gyara ba, "Ni na fara ci." Yara suka ɗauka yabon girki ake yi, tunda kowa ya san Kaka mai tuwon tasha ce. Ba girki suke nufi ba.

Sai Gwaggo ta miƙe a tsakiyar mata, idonta jawur, ta ce: "Ku ji ni da kyau. Ƙanena yana hanya daga Kaduna. Abin da ya sani kawai, jikin Inna ya tsananta. Duk wadda ta sa hoton Inna a waya, ko ta kira shi, kafin ya iso garin nan, ni da ita sai a lahira." Ta shiga ɗakin Kaka, ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta ɗora mini a hannu.

"Ke za ki tare shi a tasha," ta ce. "Kin san abin da ta ce miki."

Na sani. Kwano ne a cikin ƙunshin, farin kwanon samira mai shuɗin baki da murfinsa, fentin gefe ɗaya ya ɓare har baƙin ƙarfen ya fito. Baba Ƙarami, autan Kaka, shi ya ɓare shi. Tun ran da ya ɓare shi, ina goye lokacin, bai ƙara sa abincin uwarsa a baki ba. Yanzu ni aka ba aikin in sa shi ya ci a kwanon nan kafin ya ji ta rasu.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san Kaka ba ya gane.

A kan dutse aka haife ta, can aka yi mata golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Kakanmu namiji ya gama golmonsa, ya shiga soja yadda samarin ƙasarmu suka saba, ya bar ta da 'ya'ya uku. Bai dawo ba, akwatinsa na ƙarfe ne ya dawo. Ta ce da sassafe ne, ta ɗebo ruwa daga rafi ko kunu ba ta sha ba, wani mutum ya hango ta daga tsallake ya kwaɗa mata labarin kamar mai cigiyar akuya. Ta faɗi da tulun. Ta daɗe a kwance, nononta ya ƙafe, da kunun dawa aka raini Baba Ƙarami, da ƙyar ya sha. Har ta tsufa ba ta taɓa zagin mutuwar ba. Mutumin can na tsallaken rafi take zagi.

Da ta warke ta sauko gari da tukunya ɗaya, ta kafa murhu a gindin ɗorawar da manyan motoci ke tsayawa. Tana nan aka yi yaƙin basasa aka gama, Zuru ta fara kumbura. Takan ce: "Da safe ka wuce gonar gyaɗa, da yamma ka tarar an buga bulo." Sojoji suna dawowa hutu da rediyo da keke da agogon hannu, suna sauko da iyayensu daga kan duwatsu suna yi musu ɗakin kwano a bakin hanya. Injin niƙa ya zo, mata suka daina waƙar dutsen niƙa suka koma faɗa a layin injin. Aka kawo famfo, aka ƙara samun wurin faɗa. Teloli suka jera kekuna a rumfuna, tsofaffin da ba su taɓa sa riga ba sai ga su da kakin 'ya'yansu har gwiwa. Gidan burkutu a nan, sabon coci a can, masallacin langa-langa a tsakani, mai lasifika kowa na ƙure tasa. Kaka ta ce shekarar da aka zuba kwalta, awaki sun fi kowa shan wahala, don ba wanda ya gaya musu hanya ta tashi daga tasu.

A cikin wannan hargitsi mutum kan ɓata a garinsu. Soja ya tafi ya bar gidansu a kan dutse, ya yi shekaru a kudu, ya dawo ya hau da akwatinsa a ka, ya tarar da kufai, ciyawa ta cinye ɗakin uwarsa. Wasiƙa kuwa sai ta ga dama. Shi ya sa duk wanda ya sauka a mota, kafin ya nufi ko'ina sai ya biya rumfar Kaka. Direbobi a nan suke ci, matan kasuwa a nan suke hutawa, ba gidan da zai sauko ko a yi haihuwa ko mutuwa labarin bai bi ta bencinta ba. Ta dubi tsagen fuskarka, ta ji yadda kake lanƙwasa harshenmu na Dakarci, ta ce, "Ɗan wane ne kai."

In gida lafiya, ba ka samun ko sannu da zuwa ta kirki. "Gidanku ya sauko, yana bayan injin niƙa, mai ƙofar langa-langa. Ƙanwarka ta haihu. Tashi ka ba ni wuri, benci na masu ci ne." Wanda Kaka ta kora haka, ya gode wa Allah.

In kuwa ta sassauta murya ta ce, "Ɗana, zauna," to an yi rashi. Takan ɗauko buta ta zuba maka ruwa a hannu da kanta. Ta sa tuwon dawa a farin kwanon nan, ta kwarara miyar kuka mai daddawa da busasshen kifi, ta ajiye gabanka, ta zauna a ƙarshen bencin tana gyaran wake ko tana tsinke kuka. In ka tambayi mutanen gida ta ce, "Ci tukuna." Sai ka gama, ka wanke hannu, ka sha ruwa, sannan ta ce: "Gidanku ya ragu. Wane ya riga mu." Ba ta ƙara ko kalma. Ta bar ka ka yi abin da za ka yi, in ka gama ta haɗa ka da wani ya ɗaukar maka akwati.

Na taɓa tambayarta, bayan na girma na fara taya ta a rumfar, me ya sa sai an ci. Ta harare ni ta ce, "Ƙawata, ke dai ba ki da kai. Baƙin ciki baƙo ne mai yunwa. In ya shiga ciki bai tarar da tuwo ba, hanji zai ci."

Kwanon kansa na tsohon ɗan kasuwar nan ne. Lokacin da aka fara tashin hankali kafin yaƙi, wani manomi abokinsa ya ɓoye shi a rumbu, ya fitar da shi a motar dawa. Da aka gama yaƙi ya dawo a rame, ba shi da komai sai kwanon, ya sayo shi a hanya don ya kai wa abokin tsaraba. Abokin kuwa ya rasu da damina. Kaka ta karɓi kwanon kamar za ta duba kyansa, ta ɗauraye, ta zuba masa tuwo a ciki. Da ya ci ta gaya masa. Ya tashi ya bar kwanon a kan benci, bai taɓa tambayarsa ba, ita ma ba ta ƙara zuba wa kowa abinci a ciki ba sai mai irin wannan rabo.

Ba a daɗe ba duk tasha ta gane kwanon. Wanda ke ci kaɗai ne bai sani ba. Da an ga shuɗin bakin nan a kan benci, 'yan kamasho su rage ihu, mai gyaran keke ya ajiye guduma, mai rediyo ya rage murya.

A nan ne Mama, mahaifiyata, ta tafka abin da har ta bar duniya ana tsokanarta da shi. Tana amarya, an kawo ta daga Kanya, ba ta san kan gari ba. Wata ranar kasuwa Kaka ta tafi injin niƙa ta bar mata rumfa. Kwanuka duk suka ƙare a wanke-wanke, ga wani kofur ya sauka da yunwa. Mama ta ɗaga kai ta ga farin kwano fes a rataye, ta ce a ranta surukarta ɓoye na kirki take yi. Ta sauke ta cika masa. Tasha ta yi tsit. Wani ɗan kamasho da ya san gidan su kofur ɗin ya lissafa a ransa, ya ga tsoho ɗaya ne a gidan, ya hau keke ya tafi yin gaisuwa. Kafin a ce kwabo mata sun fara kururuwar kuka daga bakin hanya. Suka shiga suka tarar da tsohon a gindin mangwaro yana saƙar igiya. Ya tambaya wa ya mutu, sai wata kurmar tsohuwa ta ce masa, "Kai." Wai ya ajiye igiyar ya ce, to ai da an gaya masa da wuri da bai wahalar da kansa da saƙa ba. Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, kuma duk ran da ya wuce ta tasha sai ya tsaya ya ce wa Mama, "Amarya, yau ma na mutu ko da saura?" Kaka ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta kai wa tsohon zakara ta ba shi haƙuri, ta sayo akwati ta kulle kwanon.

Wannan shi ne na dariya. Na Baba Ƙarami ba na dariya ba ne.

Ya girma a rumfar, shi ke wanke kwanon tun yana yaro. Ya yi golmonsa ya auri yarinyar da yake so, shi ma ya shiga soja, aka tura shi nesa ya bar ta da ciki. Wajen haihuwa ta rasu, da ita da abin da ke cikinta. Bai sani ba. Ya samu hutu ya taho da kan keken ɗinki da ya saya mata, a naɗe cikin bargo. Ya sauka yana dariya yana gaisawa da 'yan kamasho, ya zo ya durƙusa ya gai da uwarsa. Ta ce, "Ɗana, zauna." Ta shiga ta fito da kwanon.

Mama tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba ya ce, "Inna, wa?"

"Wanke hannunka."

"Inna, ni na wanke kwanon nan tun ban kai tsawon bencin nan ba. Wa?"

"Ci tukuna."

Ya waiga. Duk tasha ta sunkuyar da kai, kowa ya sani sai shi. Ya sa takalmin soja ya shure kwanon, ya yi ta gangarawa a kan kwalta har gindin wata mota. Kaka ta tashi. Ta je ta ɗauko, ta wanke, ta sake zuba tuwo, ta sake ajiyewa a gabansa. Shi kuwa ya bar keken a nan ya ruga gida. Bai kai ba, a bakin famfo wata mata ta tare shi da kuka ta faɗa masa, a tsaye, a tsakiyar hanya.

Daga ran nan ya daina cin abincinta. Ba gaba suka yi ba, kada wani ya ɗauka haka. Yakan zo duk shekara, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Shi ya sake mata rufin ɗaki, shi ya kai ta aka yi mata aikin ido. Amma in lokacin cin abinci ya yi sai ya tashi ya tafi gidan Gwaggo. Kaka kuma duk zuwansa sai ta tuƙa tuwo ta rufe ta ajiye masa, ya kwana, da safe a ɗumama mana. Ya ce wa Gwaggo: "Ta mai da ni fasinja. Matata ce, uwata ce, amma sai da 'yan tasha suka gama kallona." Kaka kuma ta ce: "In yi wa 'ya'yan mutane in ƙi yi wa nawa? Shi da saboda shi na fara?" Fasto ya sa baki, liman ya sa baki, a banza. Ni dai in an tambaye ni, dukansu biyu taurin kai ne ya yi musu yawa, kuma a nono ake shan irinsa, ko da yake shi bai samu nonon ba. Na ji haushinsa shekaru. Na ji haushinta ita ma, don ko sau ɗaya ba ta ce masa ya yi haƙuri ba.

Sannan waya ta zo, kwanon ya yi ritaya. Mutum na kan babur, ko yana layin banki, aljihunsa ya yi ƙara, shi ke nan an gaya masa. Kaka ta tsani abin nan. Takan ce, "Mutumin tsallaken rafi ya dawo, yanzu kowa ya sa shi a aljihu." Ƙafafunta suka gaza, ta bar mini rumfar, na ƙara shinkafa da taliya don yaran yanzu ba sa son tuwon dawa. Ɗorawar ma an sare, shagon cajin waya ne a wurin. Abin da ba ta bari ba shi ne daddawa. Ko da ta koma daga ɗaki sai tabarma, ita ke dafa kalwarta, ta rufe, ta daka, ba ta yarda da ta kasuwa ba.

Ana saura 'yan makonni ta rasu, ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta ce: "Ƙawata, ran da na tafi, kada ku bari ya ji a waya. Ki tare shi ki ba shi tuwo."

Na ce, "Kaka, ke da kika haife shi ya ƙi ci, ni zai ci nawa?"

"In ya shure, ki ɗauko ki wanke ki sake zubawa."

"In ya sake shurewa fa?"

"Kwanon ƙarfe ne," ta ce.

Bayan azahar aka yi mata sallah aka kai ta. Ban ga fitar da ita ba, ina madafa ina tuƙa tuwo. Na buɗe tukunyar daddawarta, saura 'yan ƙwaya a gindi, na jefa a miya. Na ɗauki kaya na tafi tasha. Ban buɗe rumfa don ciniki ba, benci ɗaya na fitar na share. Na zauna, kwanon a ƙarƙashin benci a rufe da zane. Motoci suna shiga suna fita, ina karanta rubutun da ke bayansu ɗaya bayan ɗaya, ban ji komai a raina ba. Tsofaffin 'yan kamashon nan da na bari a zaure sai ga su sun biyo ni, suka zauna nesa a inuwar shago.

La'asar ta yi sanyi motar Kontagora ta shigo. Baba Ƙarami ya fito a hankali, da sanda da 'yar jaka, kansa fari fat. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba. Ya tsaya ya dubi rumfar, ba hayaƙi, ba masu ci. Ya dubi tsofaffin can. Sannan ya tako.

Na durƙusa na ce, "Sannu da hanya, Baba."

"Yauwa, ɗiyata."

Na ce, "Baba, zauna."

Ya daɗe a tsaye. Na dubi ƙafarsa, takalmin roba ne irin na tsofaffi. Sai ya zauna. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarsa ya kife ta a kan benci.

"Tun Rijau take kuka," ya ce. "Na kashe ta."

Na janyo kwanon, na yaye zanen, na ajiye a gabansa. Tasha ba ta yi tsit ba, yaran yanzu ba su san komai ba, wani ma kiɗa yake sakawa a shagon caji. Baba Ƙarami ya kai babban yatsansa kan wurin da fentin ya ɓare, ya yi ta shafawa. Na ɗauki buta ina jira. Ban san ko minti nawa ba, hannuna dai ya gaji. Can ya miƙo hannuwansa biyu, na zuba masa ruwa.

Ya buɗe murfin. Ya yanki loma, ya dangwala miya, ya kai baki. Ya tsaya da tauna.

"Wannan daddawar?"

"Tata ce, Baba. Ita ta daka."

Ya ci gaba da ci a hankali, kansa a ƙasa, yana gutsura daga gefe ɗaya yadda sojoji ke yi. Na koma ƙarshen bencin na zauna. Ba ni da wake ko kuka da zan gyara, sai na riƙa murza bakin zanena. Da ya kai rabi ya tsaya, ya mai da murfin ya rufe. Na ɗauka ya ƙoshi. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu, na ba shi na sha ya sha. Ya share bakinsa, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya dube ni sosai.

"To," ya ce. "Wa?"

Na ce, "Baba, gidanmu ya ragu. Inna ta riga mu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Allah ya ba ta hutu." Hawaye suka bi tsagen fuskarsa suka sauka, bai share ba. Ni kuwa ina zaune ina jin maganar da ta fito daga bakina, kamar wata ce ta faɗa daga wani ɗaki.

Sai ya ce, "Ke wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ina wurin."

"Kin ci wani abu yau?"

Sai da na yi tunani. Kunun nan yana can a bakin taga inda na ajiye shi. Na ce, "A'a."

Ya buɗe murfin, ya juyo da kwanon ta gefen da bai taɓa ba, ya turo mini a kan benci. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki butar.

"Kawo hannunki," ya ce.

Allah ya gafarta wa Kaka, ya sa ta tarar da wanda zai ce mata zauna. Na miƙa masa hannuwana.